Girman Akwati Ba Shi Ne Daɗin Kiɗa Ba

'Yan'uwana ɗalibai da sababbin ma'aikata, yau da mu nake. A 1975, da aka biya ma'aikata bashin ƙarin albashin Udoji, iyayenmu da yawa sun ruga kanti sun sayo rediyo mai garmaho, kowa yana neman wanda ya fi na maƙwabcinsa girma. Sun bar mana gadon cutar. Mu kuwa tamu wufa ce, watau lasifikar nan mai fitar da amo mai kauri. Bi ta Ƙofar Ƙaura da magariba ka ji: tagogi suna karkarwa, kwanon rufi yana amsawa, amma ka rantse ba ka san waƙar da ake yi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu ne 'yan boko. Mutum ya zauna ajin kimiyya, sa'an nan ya je kasuwa ya zube albashin wata don an rubuta wat dubbai na PMPO a jikin kwali. Haba! Wannan lamba ta talla ce kurum. Nemi ta RMS, kuma juya bayan akwatin ka ga wutar da yake ja. Abin da yake shan wuta kamar fanka, ta ina zai fitar da ƙarfin dubbai?

Ko da lambar gaskiya ce, ɗakin ne mai hukunci. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 cikin daƙiƙa ɗaya. Amon da yake kaɗawa sau 43 a daƙiƙa, tsawon igiyarsa ya kusa mita 8, watau ninki biyu na ɗakin haya mai mita 4. Sai ya bugi bangon bulo ya dawo ya ci karo da kansa. A jikin bango ya taru har ya toshe kunne, a tsakiyar ɗaki ya kashe kansa. Kai kana zaune a tsakiya, ba ka jin kome, sai ka ƙara murɗawa. Tsohuwar da gadonta yake bayan wannan bango ita take shan duk abin da ka rasa. Me ta yi maka?

Wai a sayo babba ita ce magani. Ƙarya ce, babba tana ƙara wa bango, ba ta cike ramin tsakiya. A 2002 Todd Welti na kamfanin Harman a Amurka ya nuna cewa wufa biyu ko huɗu, idan aka rarraba su, sun fi ɗaya daidaita amo a kujeru duka. Biyu matsakaita, ɗaya a tsakiyar bangon gaba, ɗaya a tsakiyar na baya, sun isa ɗaki irin namu. Ba su da kwarjini ga baƙo, na sani, kuma nan ne gizo yake saƙar.

Wanda ƙarfinsa bai kai biyu ba, kada ya cusa gudar a lungu don ta fi ruri. Ɗora ta bisa kujerar da kake zama, sa kiɗan da ka sani sarai, ka bi gefen bango da rarrafe kana saurare. Inda ka ji kowane bugu ya fito daidai, babu wanda ya danne wani, nan ne mazauninta. Abokan ɗaki za su yi maka dariya, amma aikin bai wuce minti 10 ba, kuma ko kwabo ba za ka kashe ba.