Mutum Ɗaya, Mayaƙa Biyar

Wanda ya taɓa shiga wasan nan na World of Warcraft a shekarun baya, mai yiwuwa ne ya yi kiciɓis da wani abin mamaki a kan hanya. Sai ya hango mayaƙa biyar tafe a jere, shigarsu iri ɗaya, sunayensu ma kusan iri ɗaya, in na gaba ya tsaya duk su tsaya, in ya zabura duk su zabura. Da sun hangi abokin gaba sai su ɗaga hannu tare, su sako masa aradu biyar a lokaci guda, kafin ƙiftawa da bismilla ya faɗi matacce. Baƙo sai ya zaci waɗansu aminai ne da suka san hannun juna. Alhali kuwa mutum ɗaya ne tak, zaune a ɗakinsa, ya buɗe asusu biyar, yana kuma biyan kuɗin kowanne.

Kafin a yi nisa, ya kamata mai karatu ya san irin wasannin da ake nufi. Wasanni ne da ake yi ta intanet, inda dubban mutane daga ƙasashe dabam-dabam suke haɗuwa a fage ɗaya, kowa da jarumin da yake sarrafawa, ana yaƙi, ana fatauci, ana haƙar ma'adinai. Daga cikin tsofaffinsu akwai EverQuest, wanda ya fito a 1999, da EVE Online na kamfanin CCP da ke ƙasar Aisland, wanda ya fito a 2003, sai kuma World of Warcraft na kamfanin Blizzard da ke Kalifoniya ta Amurka, wanda ya biyo baya a 2004. Turawa sun laƙaba wa wannan sana'a ta haɗa asusu da yawa wani suna mai ma'anar "akwatuna barjat". Dalili kuwa shi ne, a zamanin farko kwamfuta ɗaya ba ta iya ɗaukar wasan sau biyu, saboda haka tilas mutum ya jera kwamfutoci a gabansa, su kuwa 'yan wasa akwati suke ce wa kwamfuta. A 2008 an ba da labarin wani mai asusu 36 a World of Warcraft, yana tafiyar da su da kwamfutoci 11.

To, me ya kai mutum ga wannan wahala? Amsar tana cikin ginin wasannin kansu. Waɗanda suka tsara su da gangan suka yi su yadda hannu ɗaya ba zai ɗauki jinka ba. A World of Warcraft, kurkukun dodanni mutum biyar ke shigarsa: ɗaya mai garkuwa wanda ke tare sara da suka, ɗaya mai magani wanda ke warkar da raunuka, uku kuma masu kai farmaki. In babu mai magani, babu tafiya. Magidancin da ya taso daga aiki da dare, yana da sa'a ɗaya kacal kafin barci, ba ya son ya ƙarar da rabinta yana cigiyar wanda zai raka shi, ga shi kuma in an samo ganima sai an raba biyar. Sai ya ga ai gara ya zama shi ne mai garkuwar, shi ne mai maganin, shi ne kuma sauran ukun.

A EVE Online abin ya fi haka zurfi, har ya zama kamar al'ada. Wasan na jiragen sararin samaniya ne, kuma jirgin da aka harbe ya tafi ke nan, sai dai a sayi wani. Saboda haka falke mai ɗauke da kaya masu tsada yakan tura jaruminsa na biyu gaba cikin ƙaramin jirgi, ya leƙo masa hanya ko 'yan fashi sun yi kwanto. Manyan jiragen yaƙi kuwa ba sa yin dogon tsalle daga wata nahiya zuwa wata sai an kunna musu fitilar alama a can inda za su sauka. Wanda ya kunna musu fitilar nan yana iya jefa su tsakiyar abokan gaba in ya ga dama, kuma wasan ya yi ƙaurin suna wajen cin amana. Wa mutum zai amince wa fiye da kansa?

Wanda ke son farawa, abin da zai fara dubawa shi ne dokar gidan da zai shiga, tun kafin ya sayi kome. A nan ne mafi yawan sababbin hannu suke faɗawa rami, domin sukan yi aiki da bayanan da aka rubuta shekara goma da suka wuce, ba su san an sake lale ba. A da, akwai manhajoji, irin su ISBoxer, waɗanda in mutum ya danna maɓalli ɗaya sai su aika da dannawar nan zuwa ga dukan tagogin wasan da ya buɗe. Wannan shi ne sirrin mayaƙa biyar ɗin nan masu ɗaga hannu tare. Kamfanin CCP ya haramta wannan dabara tun daga ranar 1 ga Janairu, 2015. Blizzard ya daɗe yana kau da kai, sai a watan Nuwamba na 2020 ya ba da sanarwar cewa duk wanda aka kama yana amfani da irin wannan manhaja zai fuskanci hukunci, har ya kai ga rufe asusu. Waɗansu masu wayo suka koma ga na'urorin da ke yin aikin ba tare da manhaja ba, sai kamfanin ya biyo su a watan Mayu na 2021 ya haɗa da na'urorin ma.

Sai a lura, kamfanonin nan biyu ba su hana mallakar asusu da yawa ba, ba su kuma hana buɗe su a lokaci guda ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne, dannawa ɗaya, aiki ɗaya, a taga ɗaya. In mutum zai iya tsallakawa daga wannan taga zuwa waccan da yatsunsa yana ba kowane jarumi umarni, bismilla. Amma fa akwai ƙananan sharuɗɗa da ke kama mai gaggawa. Misali, a EVE Online an buɗe ƙofar yin wasa kyauta a 2016, sai dai asusun kyauta ba a yarda a kunna shi tare da wani asusun ba. Mai son jirage biyu a sama, sai ya biya kuɗin duka biyun. Wanda kuwa ya bar manhaja tana yi masa wasa shi yana barci, wannan laifi ne dabam, wanda ya fi girma, kuma ba a san wani babban kamfani da ya halatta shi ba. Hukuncin yakan shafi dukan asusun mutum, har da babban da ya yi shekaru yana rainonsa.

Sai batun kuɗi, wanda lissafinsa ba wuya. Shekara da shekaru kuɗin wata na World of Warcraft a Amurka ya tsaya a kan dala 14.99. Asusu biyar ke nan kusan dala 75 a wata, watau wajen dala 900 a shekara, ban da sabon babin wasan da ake saya wa kowane asusu dabam in ya fito. EVE Online ya ɗaga nasa zuwa dala 19.99 a 2022. Wanda albashinsa da naira yake fitowa, sai ya zauna da alƙalami ya juya wannan lissafi kafin ya ɗaga ƙafa. Gaskiya ne kamfanonin biyu sun buɗe hanyar da ɗan wasa zai biya kuɗin wata da dukiyar da ya tara cikin wasan, Blizzard ma tun 2015. Wannan hanya ita ke ruɗin mutane da yawa, su ce ai asusun za su riƙa ciyar da kansu. Suna iya ciyar da kansu, amma sai mai su ya zama ɗan ƙodagonsu: ya kwana yana haƙar dutse ko tsinkar ganye don ya biya kuɗin asusun da ya buɗe domin haƙar dutse da tsinkar ganye.

Kayan aiki ba su kai doka da kuɗi wuya ba. Kwamfutar zamani mai wadatar ƙwaƙwalwa da katin hoto mai ƙarfi tana ɗaukar taga biyu ko uku ba tare da nishi ba, musamman in an rage kyan hoton tagogin da ke baya. Allo na biyu yana taimakawa ƙwarai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne intanet da lantarki masu tsayawa, gama in wuta ta ɗauke a tsakiyar yaƙi, jarumi biyar ne za su tsaya ƙiƙam a gaban dodo, ba kuwa aboki ko ɗaya da zai ja su gefe. Masu wasa a wayar hannu su ma suna da tasu hanyar, ta manhajoji irin su BlueStacks, waɗanda ke buɗe wayoyin Android na ƙarya da yawa a cikin kwamfuta ɗaya. Cewa manhaja tana iya yin abu ba ya nufin mai wasan ya yarda da shi. A can ma sai an karanta sharuɗɗa.

Hanyar da ta fi dacewa da sabon hannu ita ce ya fara da asusu biyu. Ya zaɓi jarumi ɗaya ya zama jagora, na biyun ya zama mai bi, a kuma ba mai bin aikin da ba ya bukatar sa ido kowane lokaci, kamar warkarwa jefi-jefi, ko dakon kaya, ko tsaron ƙofa. A World of Warcraft akwai umarnin da ke sa jarumi ya riƙa bin wani a baya da kansa, kuma a kansa ake gina kome. Sai dai mai bin nan ba shi da wayo ko kaɗan. Yakan maƙale a jikin bishiya, ko ya faɗa kwazazzabo, jagora ya yi tafiyar minti biyar kafin ya waiwaya ya ga ba kowa. Wanda ya kasa riƙe biyu har ya saba, in ya ƙara na uku abin da masu iya magana suka faɗa game da taura biyu ne zai same shi, da ƙari.

Akwai kuma waɗanda ake zaune da su a fagen, kuma kukansu yana da tushe. Ganyen magani da ma'adinai da ake tsinta a dajin World of Warcraft dukiya ce da ake sayarwa a kasuwar wasan. In mutum ɗaya ya iso da jarumi takwas suka tsinke ganye ɗaya tare, ya kwashi rabon mutum takwas, ya kai kasuwa ya karya farashi, mai asusu ɗaya ya tashi a tutar babu. Irin wannan ƙorafi ya yi yawa gab da dokar 2020. A fagen fama kuwa, fuskantar mutum biyar masu ra'ayi biyar ya fi sauƙi a kan fuskantar biyar masu kai ɗaya. Masu asusu da yawa sukan ce ai kuɗinsu suka biya, kuma ba su karya doka ba. Wannan magana daidai ce, sai dai ba ta share hawayen wanda ya shigo wasan don ya sami abokin tafiya, ya tarar duk wanda ya yi wa sallama bayin mutum ɗaya ne da ba sa amsawa. Su ma kamfanonin ba a rasa su da laifi ba: asusu biyar kuɗin wata biyar ne, shi ya sa suka yi shekaru suna jan ƙafa.

Waɗansu kamfanonin sai suka raba gari. Ankama na ƙasar Faransa, masu wasan Dofus, inda riƙe jarumi da yawa ya zama ruwan dare domin yaƙin wasan bi da bi ake yinsa, sun buɗe fage na musamman a 2017 wanda ba a shigarsa sai da asusu ɗaya, jama'a kuwa suka yi masa tururuwa. Masu EverQuest su kuma a ƙarshen 2015 suka buɗe wani fage mai suna Phinigel, suka ce a nan kwamfuta ɗaya, jarumi ɗaya. Ba a daɗe ba waɗansu 'yan wasan suka kakkaɓe tsofaffin kwamfutocinsu, suka jera su a kan tebur kamar yadda aka yi a farkon zamanin wasan, kowace da nata jarumin.