Mai son juya mafarkinsa ya fara ƙosar da barcinsa

A safiyar 12 ga Afrilun 1975, a ɗakin gwajin barci na Jami'ar Hull da ke Ingila, wani mutum mai suna Alan Worsley yana kwance yana sharar barci, an manna masa wayoyi a fatar kai da gefen idanu. Kafin ya kwanta sun yi alkawari da mai binciken, Keith Hearne, cewa da zarar ya gane a cikin mafarki cewa mafarki yake yi, zai juya idanunsa hagu da dama, hagu da dama, a jere. Dabarar tana da tushe. A zangon barcin da aka fi yin mafarki, ƙwaƙwalwa takan ɗaure gaɓoɓin jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, amma takan bar ido da numfashi a sake. Da gari ya waye sai ga allurar na'ura ta zana saƙon nan a kan takarda, alhali sauran layukan suna nuna mutumin bai farka ba. Stephen LaBerge ya yi irin wannan gwaji a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya buga sakamakonsa a 1981. A 2021 kuwa ɗakunan bincike huɗu a Amurka da Jamus da Faransa da Holan suka haɗa sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 36, inda aka riƙa jefa wa mai barci tambaya irin su takwas a ɗebe shida, ya amsa da juya ido sau biyu. Mafi yawan tambayoyin shiru aka ji, amma amsoshin da suka zo daidai sun ninka na kuskure sau da yawa.

Saboda haka batun ko mafarkin sane, wato mutum ya san mafarki yake yi alhali yana barci, gaskiya ne ya wuce wurin. Wani nazari na 2016 da ya tattara bincike 34 na tsawon shekara hamsin ya nuna kimanin kashi 55 cikin ɗari na mutane sun taɓa yin sa ko sau ɗaya ne a rayuwa, kashi 23 kuma suna yin sa aƙalla sau ɗaya a wata. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake tallata shi ga matasa a intanet, ana nuna musu cewa cikin kwana uku za su tashi sama kamar tsuntsu, in dai sun saita ƙararrawa ta tashe su da tsakar dare ko sun haɗiyi wata ƙwaya. A ganina wannan fasaha ta cancanci a koya, kuma akwai waɗanda za ta yi wa rana ƙwarai, amma tana da tsari: barci isasshe tukuna, sannan tuna mafarki, sannan sanin ana mafarki. Wanda ya juya wannan tsari, garin neman gira zai rasa ido.

Dalilin yana cikin yadda aka gina dare. Tun 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Shikago suka gano cewa barci ba shimfiɗa ɗaya ba ne, akwai zangon da ido ke kai da kawowa a ƙarƙashin fatarsa. A 1957 William Dement da Kleitman suka nuna cewa idan aka tashi mutum a wannan zango, kusan sau takwas cikin goma zai ba da labarin mafarki. Zangon yakan dawo kamar kowane minti casa'in, kuma ba tsawonsa ɗaya ba. Na farkon dare 'yan mintuna ne, na goshin asuba kuwa yakan kai rabin awa ko fiye. Wanda ya raba dare yana latsa waya har ƙarfe ɗaya, ya tashi ƙarfe biyar, ya datse ɓangaren daren da ya fi yalwar mafarki. Idan irin wannan mutum ya ce shi ba ya mafarki, magana ta gaskiya ita ce bai ba mafarkin fili ba, kuma ɗan wanda ya yi bai kama shi ba. Giya da wiwi ma suna danne wannan zango, shi ya sa masu barin su sukan yi fama da mafarkai masu zafi a makonnin farko.

Kamawar ita ce aikin da aka fi rainawa, alhali ita ce ginshiƙi. Ƙwaƙwalwar mai barci ba ta ajiya da kyau, sai an ɗan farka sannan abin da aka gani yake samun wurin zama. Perrine Ruby da abokan aikinta a Liyon ta Faransa sun gano cewa masu yawan tuna mafarki sukan tara kimanin minti talatin na 'yan farke-farke a dare, ninki biyu na waɗanda ba safai suke tunawa ba. Ba sai an ƙirƙiro wannan farkawa ba, domin kowa yana da ita kyauta da safe. Abin da ake bukata shi ne a tsare mintuna biyu ko uku na farko. Mutum ya zauna yadda ya farka, kada ya mirgina, kada ya buɗe ido da gaggawa, ya kama abu na ƙarshe da ya gani, ko fuska ce ko ƙofa ko wani tsoro marar suna, ya bi shi baya-baya har ya ga inda ya taso. Sannan ya jawo littafin da ya ajiye a gefen katifa ya rubuta, da boko ko da ajami, ko da layi biyu ne, ya sa kwanan wata. Hannun da ya riga ya kai wa waya ya gama da mafarkin wannan rana, domin saƙo ɗaya ya isa ya share shi. Bayan makonni kaɗan mai littafin zai fara ganin abubuwan da ke maimaituwa, gidan da ya tashi a ciki, jarrabawar da bai shirya mata ba, mamacin da yake zuwa da ransa, kuma waɗannan alamomin ne za su riƙa tunatar da shi cewa mafarki yake yi. Binciken da Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide a Ostareliya ya wallafa a 2020, kan mutum 355, ya nuna cewa ƙarfin tuna mafarki yana cikin abubuwan da suka fi nuna wanda zai dace da mafarkin sane.

Wannan kula da mafarkin safiya ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan juyo bayan sallar asuba ya tambayi sahabbai ko wani ya yi mafarki. Lafuzzan kiran salla ma ta mafarkin Abdullahi ɗan Zaidu aka same su. An kuma yi kashedi mai tsanani ga wanda ya ƙaga mafarkin da bai gani ba. Rubutawa da ɗuminsa kariya ce daga wannan, domin mafarkin da aka bari har azahar yakan sami ƙari da gyara ba tare da mai shi ya lura ba.

Sai hanyoyin kai wa ga sanin. Akwai tambayar kai sau da yawa da rana ko ido biyu ake, tare da gwaji kamar toshe hanci a gwada shaƙar iska, don ɗabi'ar ta bi mutum cikin barci. Akwai tashi bayan awa biyar a ɗan zauna sannan a koma. Akwai kuma ƙulla niyya lokacin komawa, a riƙa nanata wa zuciya cewa in mafarki ya zo za a gane shi. A wani gwajin Aspy na 2017, waɗanda suka haɗa ukun sun dace a kashi 17 cikin ɗari na ƙoƙarinsu, waɗanda kuma barci ya ɗauke cikin minti biyar bayan niyyar suka kai kusan kashi 46. Masu tallar abin sukan ɗaga adadi na biyu su ɓoye na farko, wanda ke nufin a mafi yawan darare an katse barci ba a samu komai ba. Za a ce ai masu binciken ba su ga illa ga ingancin barci ba. Haka ne, amma mako guda aka yi ana gwajin, kuma mako guda ba ya gaya mana halin direban da zai kama hanyar Kano zuwa Legas, ko ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, ko ɗalibi mai jarrabawa, bayan wata shida yana yanka darensa biyu. Likitocin barci sun daɗe suna cewa baligi yana bukatar aƙalla awa bakwai. Wanda dama yana tashi nafilar dare ko sahur ya koma ya ɗan kishingiɗa, ya riga ya samu wannan dama ba tare da ya ƙara wa kansa komai ba. Sauran mutane sau ɗaya a mako ya ishe su, a daren da ba su da sammako.

Batun ƙwaya kuwa ba ni da sassauci a kansa. Gaskiya ne a wani gwaji na 2018 da LaBerge ya jagoranta, maganin galantamin ya ɗaga yawan mafarkin sane daga kashi 14 zuwa 42. Amma magani ne na masu cutar mantuwa ta tsufa, yana kawo tashin zuciya da rashin barci, yana kuma iya rage bugun zuciya. A ƙasarmu da sai da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda ya cinye matasa, bai kamata wani ya buɗe sabuwar ƙofar zuwa kemis don neman nishaɗin dare ba. Haka nan akwai dannau, wanda ba komai ba ne illa hankali ya farka alhali ɗaurin jikin nan na lokacin mafarki bai sake ba tukuna. Wani nazari na 2011 ya nuna kusan kashi 8 na jama'a sun taɓa gamuwa da shi, amma a cikin ɗalibai adadin ya haura kashi 28, kuma ƙarancin barci da kwanciyar rigingine suna cikin abubuwan da ke jawo shi. Ba ya kisa, yakan wuce cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna, sai dai wanda ke wasa da tsarin barcinsa yana gayyatarsa. Mai fama da taɓin hankalin da ke sa a kasa raba zahiri da abin da zuciya ta ƙaga kuwa, wannan atisaye ba nasa ba ne sam.

Wasu za su ce shin wannan ba shisshigi ba ne cikin abin da Allah Ya ɓoye? Fatawa ta malamai ce, amma rabon da hadisi ya yi wa mafarki gida uku yana haska hanya: akwai bushara daga Allah, akwai tsoratarwar Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci. Mafarkin da mutum ya kwana yana shiryawa, ya shiga ya juya shi yadda yake so, a fili yake gida na uku ya faɗa. Haɗarin yana ga wanda zai ɗauke shi ya kai gida na farko. Saurayin da ya yi mako yana ƙulla niyyar ganin wata yarinya, ya gan ta, ya wayi gari yana cewa an nuna masa ita ce matarsa, son zuciyarsa ya gani. Bai kamata a kai irin wannan mafarki wurin mai fassara ba, ko a ce amsar istihara ce, balle a gina aure ko ciniki ko zargin wani da maita a kansa. Malamai sun daɗe da cewa ba a ɗaukar hukunci daga mafarki, to ina ga wanda mai shi ne ya tsara shi da hannunsa.

To idan haka ne, me ya rage na amfani? Ya rage ga mutanen da dare ya zame musu azaba. A sansanonin 'yan gudun hijira na Borno, da ƙauyukan Zamfara da Katsina, da gidajen waɗanda aka karɓo daga hannun masu garkuwa, akwai mutane da yawa da ke sake ganin abin da ya same su dare bayan dare, har su riƙa tsoron kwanciya. A 2001 Barry Krakow ya wallafa gwajin da ya yi da mata 168 da aka taɓa ci wa zarafi a Amurka. An koya wa wani rukuni daga cikinsu su ɗauki mummunan mafarki da rana, ido biyu, su sauya labarinsa yadda suke so, su riƙa bitar sabon a zuci na wasu mintuna kullum, kuma mafarkan suka ragu sosai. Wani ƙaramin gwaji a Holan a 2006 ya koya wa masu irin wannan matsala mafarkin sane, aka ga sauƙi har ga waɗanda ba su taɓa kai wa ga sanin ba, abin da ke nuna cewa jin ana da ta cewa a cikin mafarkin shi kansa magani ne. A 2018 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta sa hanyar bitar rana a sahun farko, ta ce ana iya gwada ta mafarkin sane, domin hujjarta ba ta kai ta farkon ƙarfi ba.

Wannan bai ci karo da ladubban da aka koya mana ba, na tofi sau uku a hagu da neman tsari da juya kwanciya. Mafarkin da ya samo asali daga tashin hankali, yake dawowa wata da watanni, ciwo ne, kuma gaya wa likita neman magani ne. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri da Kaduna da Kware ba za su iya ganin kowa ba, amma hanyar bitar rana ba ta bukatar na'ura ko ƙwaya, kuma a gwajin Krakow zama uku kacal aka yi, rukuni-rukuni. Ma'aikatun lafiya na jihohinmu za su iya shirya ta da Hausa da Kanuri da Fulatanci, su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu aiki a sansanoni a ƙarƙashin kulawar likitocin ƙwaƙwalwa, tare da ƙa'idar cewa duk wanda bitar ta tayar masa da hankali a tura shi gaba wurin ƙwararre.