Farin da ke cikin kashin tsuntsu

Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bishiyar da balbelu ke kwana ya ga yadda ƙasa ke yin fari fat. Wannan farin shi ne fitsarin tsuntsu. Ƙodarsa tana tace dattin jini ta fitar da shi da kauri, sinadarin da ake kira yurik asid, ya fito tare da kashi. Da haka yake tattalin ruwan jikinsa.

To, ranar da ƙodar ta gaza, sinadarin ya rasa hanyar fita, sai ya taru a jini ya daskare. Wani lokaci a gaɓoɓin ƙafa yake zama, su kumbura. Zalɓe kuwa da ƙafa yake neman abinci. In ya kasa tsayuwa cikin ruwa, yunwa ce za ta ƙarasa shi. Wanda ya fi muni shi ne na cikin ciki. Likitan dabbobi zai buɗe gawar ya tarar da zuciya da hanta sun yi fari, kamar an barbaɗa musu garin alli. Wannan cuta, da likitoci ke kira gawut, tana iya kashewa cikin 'yan kwanaki.

Abubuwan da ke lalata ƙodar sun haɗa da doguwar ƙishirwa, da ƙarancin bitamin A, da cututtuka, da guba. Gubar ce ta fi tayar mini da hankali, domin an ga aikinta ƙiri-ƙiri. A shekarun 1990 ungulaye suka riƙa faɗuwa matattu a Indiya da Pakistan, har wasu nau'o'insu suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari. A 2004 binciken Lindsay Oaks da abokan aikinsa ya nuna maganin diclofenac ne, wanda ake yi wa shanu allura. Saniya ta mutu, ungulu ta ci mushen, ƙoda ta tsaya. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da shi ga dabbobi, aka koma amfani da maganin meloxicam.

Mu ma muna da fadamar Haɗejiya da Nguru, inda tsuntsaye daga Turai ke sauka kowace shekara, wadda madatsun Tiga da Challawa suka rage mata ambaliya. Saboda haka masunci ko makiyayin da ya ga tsuntsaye sun mutu a bakin ruwa, don Allah kada ya taɓa su da hannu, saboda murar tsuntsaye. Ya sanar da likitan dabbobi mafi kusa tun gawar ba ta ruɓe ba, domin sai an buɗe ta ake gane abin da ya kashe su.