Kyautar gwanin masu kallo: Kada yawan ƙuri'a ya danne ƙwarewa a Kannywood

Duk lokacin da aka sanar da bikin karrama 'yan fim, kafin a kai ga ƙawata zauren taro a ɗaya daga cikin manyan otal-otal ko ɗakunan biki na Nassarawa GRA a Kano, an riga an gama fafatawar a cikin waya. Hotunan jarumai su cika Facebook da Instagram da TikTok, kowane da rubutun "ku zaɓe ni" a ƙasansa. Ƙungiyoyin masoya su raba aiki a WhatsApp, wasu su tara kuɗin data, wasu su kwana suna danna ƙuri'a. Ranar biki kuma a kira sunan wanda ya fi yawan ƙuri'u, a miƙa masa kambu, a ce shi ne gwarzon jarumin shekara.

Wannan jarida tana ganin lokaci ya yi da masu shirya irin waɗannan bukukuwa za su raba abubuwa biyu da aka daɗe ana cakuɗawa. Akwai jarumin da jama'a suka fi ƙauna, akwai kuma jarumin da ya fi iya aikinsa a wannan shekarar. Wani lokacin mutum ɗaya ne ke haɗa duka biyun, amma ba kullum ba. Ƙuri'ar masoya tana iya nuna na farko idan an gudanar da ita da gaskiya. Na biyun kuwa sai an zaunar da masana sun kalli aikin.

Batun ya ƙara nauyi ne saboda yadda harkar ta sauya. Tun bayan da kasuwar faifan bidiyo ta durƙushe, fina-finai masu dogon zango ne suka riƙe Kannywood. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta buɗe hanya da Daɗin Kowa, daga baya ta kawo Kwana Casa'in a 2019. Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad sun biyo baya a 2020, sai irin su Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi da Alaƙa na Ali Nuhu da Manyan Mata na Abdul Amart. A da mutum kan kalli fim na awa biyu ya wuce. Yanzu yana rayuwa da jaruman shirin mako bayan mako, shekara da shekaru, har su zame masa kamar 'yan gida. Wannan shaƙuwa ita ce jarin masu shirya fim, kuma ita ce ke sa ƙuri'ar masoya ta kasa zama ma'aunin ƙwarewa, domin so hana ganin laifi ne.

Mai kallo yakan zaɓi halin da yake ƙauna a cikin labari, ba lallai wasan da aka yi ba. Wanda ya fito a matsayin mutumin kirki mai haƙuri da taimako, irin Umar Hashim na Izzar So, yana shiga zuciyar mutane tun daga rubutun labarin. Wanda kuma aka ba shi matsayin mai son zuciya ko azzalumin ɗan siyasa, iya ƙwarewarsa iya haushin da za a ji nasa. Duk wanda ya bi Labarina ya san yadda Rabi'u Rikadawa ya riƙe matsayin Baba Ɗan Audu, kuma masu kallon Kwana Casa'in sun ga abin da Sani Mu'azu ya yi da Bawa Maikada. Irin waɗannan matsayi suna buƙatar gwaninta mai zurfi, amma a zaɓen farin jini saurayin da ke soyayya a cikin shirin ne ke da rinjaye tun kafin a fara ƙirga.

Sannan akwai waɗanda ƙuri'a ba ta ma san da zamansu ba. Marubucin da ya tsara zango goma na labari, mai ɗaukar hoto, mai haɗa sauti, mai tace hotuna, mai kwalliya da mai tsara sutura, duk ba su da dubban mabiya a Instagram. Rasuwar Nura Mustapha Waye, daraktan Izzar So, a 2022 ta sa mutane da yawa suka fara jin sunan wanda ke bayan shirin da suka daɗe suna kallo. Idan aka ce komai sai da ƙuri'ar jama'a, to an yanke wa irin waɗannan ma'aikata hukuncin zama a duhu har abada.

Matsala ta biyu ita ce su wane ne ke jefa ƙuri'ar. Ana kiranta ƙuri'ar masu kallo, amma a zahiri ƙuri'ar masu babbar waya da data ce. Matashin da ke zaune a Nassarawa GRA da intanet a gida yana iya shiga shafin zaɓe sau nawa ya ga dama. Uwargidan da ke Kurna ko Rimin Kebe ko wani ƙauye a Gezawa, wadda ba ta taɓa barin wani sashe na Daɗin Kowa ya wuce ta ba, tana kallo ne a talabijin idan an kawo wuta, ko kuma ta aika yaro wurin masu turi a sa mata a katin waya. Haka masu kallo da yawa a Maraɗi da Damagaram, da Hausawan zango a Kumasi da Accra. Idan zaɓen na saƙon tes ne a layin Najeriya, waɗanda ke ƙetaren iyaka sun fita daga lissafi gaba ɗaya. Sakamakon da ya fito daga irin wannan tsari muryar wani ɓangare ne na masu kallo, bai kamata a sayar da shi a matsayin muryar kowa ba.

Matsala ta uku ta fi muni, wato sayar da ƙuri'a. A duk inda aka ce kowace ƙuri'a kuɗi ce kuma babu iyaka ga yawan da mutum zai iya saya, zaɓe ya koma gwanjo. Attajiri ɗaya mai goyon bayan wata jaruma zai iya rinjayar dubun talakawa da kowannensu ya jefa ɗaya. Jarumi ma zai iya zaro kuɗi daga aljihunsa ya saya wa kansa kambu. A irin wannan tsari mai shirya bikin ne kaɗai ke cin riba ta tabbas, domin duk yadda gaba ta yi zafi tsakanin masoya, haka kuɗin ke ƙara shigowa. Wannan ne ma ya sa ake cusa sunayen masu yawan mabiya a jerin 'yan takara ko da ba su yi wani aikin a zo a gani ba a shekarar.

Gabar da ake hurawa kuwa ba ta mutuwa da tashi daga biki. Kannywood ta sha fama da rabuwar gida-gida, inda yaran wannan ubangida ba sa ga maciji da na wancan, masoya kuma su ɗauki faɗan su kai shi inda su kansu jaruman ba su kai ba. Lokacin zaɓe zagi da ƙazafi kan yawaita, kuma jarumai mata ne suka fi shan wahalarsa, domin da an tashi kushe abokiyar takara sai a bar maganar aiki a koma kan mutuncinta da aurenta da iyayenta. Masana'antar da kullum ke kare kanta daga zargin ɓata tarbiyya ba ta da buƙatar ƙarin abin da za a nuna ta da shi.

Ba a Kano kaɗai aka gamu da wannan ba, kuma akwai darasi a yadda wasu suka bi da shi. Gasar AMVCA da kamfanin MultiChoice ke shiryawa a Legas tun 2013 ta daɗe tana barin masu kallo su zaɓi gwarzon jarumi da jaruma. A karo na goma, a 2024, sai ta cire waɗannan rukunai daga hannun masu ƙuri'a ta miƙa su ga alƙalai. A shekarar Wale Ojo ne ya zama gwarzon jarumi da fim ɗin Breath of Life, Kehinde Bankole kuma ta zama gwarzuwar jaruma da Adire. Funke Akindele, wadda fim ɗinta A Tribe Called Judah ya tara sama da naira biliyan 1 a sinima, ba ta samu ba. Masoyanta sun yi ƙorafi sosai, amma gasar ta nuna cewa cinikin fim da farin jinin mai shi daban, hukuncin masana a kan wasan da aka yi kuma daban.

Ita dai wannan gasa ta taɓa zama tagar da ayyukan Hausa ke leƙa duniya. Daɗin Kowa ya lashe rukunin Hausa a 2016, Mansoor na Ali Nuhu ya lashe a 2018, Aisha na Abubakar Bashir Maishadda kuma a 2023. Daga 2024 aka haɗe rukunan harsunan gida zuwa na yankuna, inda fim ɗin Hausa zai kara da na Yarabanci da sauran harsunan Afirka ta Yamma a rukuni guda. Ma'anar wannan ita ce, idan Arewa ba ta gina tata gasar mai mutunci ba, babu wanda zai zo daga wani wuri ya auna mata ayyukanta da idon wanda ya san harshen da al'adar.

Daga Ingila kuma akwai darasin abin da ke faruwa idan babu mai sa ido a kan ƙirga. A 2008 aka gano cewa kyautar zaɓin jama'a ta bikin British Comedy Awards na 2005 an miƙa ta ne ga Ant da Dec, alhali Catherine Tate ce ta fi yawan ƙuri'u. Sai da suka mayar da kyautar. A wannan shekarar ta 2008 hukumar Ofcom mai kula da kafofin yaɗa labarai ta ci tarar tashar ITV sama da fam miliyan 5 saboda maguɗi a shirye-shiryen da masu kallo ke biyan kuɗi su buga waya. Idan haka ta faru a inda akwai hukuma mai bincike da hukunci, ina ga wurin da mai shirya biki shi ne mai karɓar kuɗin ƙuri'a, shi ne mai ƙirgawa, shi ne kuma mai sanar da sakamako?

Duk da haka, ba daidai ba ne a ce a rufe bakin masu kallo. Su ne ke sayen data, su ne ke ƙara yawan kallo a YouTube, kuma saboda su ne kamfanoni ke sa talla. Alƙalai ma 'yan Adam ne, kuma a masana'antar da kowa ya san kowa tsakanin ofisoshin Zoo Road, son kai da ubangidanci na iya shiga cikin hukuncinsu. Masu cewa gara hukuncin dubban mutane da na mutum bakwai a ɗaki ɗaya suna da hujja. Maganin wannan shi ne a tsabtace ɓangarorin biyu, kowanne ya tsaya a matsayinsa.

Abu na farko, a ware kyauta ɗaya ko biyu a kira su da sunansu na gaskiya, wato gwanin masu kallo da shirin da masu kallo suka fi so. Sauran rukunai, daga gwarzon jarumi da jaruma har zuwa rubutu da ba da umarni da ɗaukar hoto da sauti, a bar su ga kwamitin alƙalai. A bayyana sunayen alƙalan tun kafin a fara, a haɗa da malaman jami'a masu nazarin fim da harshe irin na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, da tsofaffin 'yan wasan kwaikwayon talabijin, da marubuta, da mata. Duk alƙalin da ke da hannu a wani shiri ya janye daga rukunin da shirin ke takara.

Na biyu, ƙuri'ar masu kallo ta zama kyauta, lambar waya ɗaya ƙuri'a ɗaya. A buɗe hanyar da mai ƙaramar waya zai iya zaɓe, a kuma yi tanadi ga masu kallo na Nijar da Ghana da Kamaru. Kuɗin shirya biki ya fito daga masu ɗaukar nauyi da masu talla, ba daga aljihun ɗalibin da zai hana kansa abincin rana don gwanarsa ta ci ba.

Na uku, a ba wani kamfanin binciken kuɗi mai zaman kansa aikin ƙirga, kuma bayan biki a wallafa adadin ƙuri'un da kowane ɗan takara ya samu. Wanda ya faɗi yana da haƙƙin sanin da nawa aka kayar da shi, masoyansa ma haka.

Ƙungiyar MOPPAN da sauran ƙungiyoyin 'yan fim suna da rawar takawa a nan. Za su iya fitar da ƙa'idojin da duk mai son shirya bikin karramawa da sunan Kannywood zai cika kafin mambobinsu su halarta. Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda Ali Nuhu ke jagoranta tun 2024, tana da gogewa da matsayin da za ta taimaka wajen tsara su. Su ma manyan jarumai, da za su riƙa tambayar yadda ake ƙirga ƙuri'a kafin su saka hotonsu suna roƙon a zaɓe su, da masu mayar da karramawa kasuwa sun ragu.

Kambun da aka san ana sayensa ba ya ƙara wa mai shi daraja a wurin furodusa ko kamfanin talla, kuma ba ya koya wa matashin da ke shigowa masana'antar cewa iya aiki yana da sakamako. Masu kallo sun ba waɗannan shirye-shirye lokacinsu da kuɗinsu na tsawon shekaru. Abin da ya rage ga masu shirya bukukuwa shi ne su ƙirga ƙuri'arsu da amana, su kuma bar hukuncin ƙwarewa ga waɗanda suka san aikin.