Kafin Ka Sha, Juya Kwalin Ka Karanta



Da na je hutu gida Illela, na shiga kasuwa ranar Lahadi na saya wa ƙanwata lemon kwali mai hoton mangwaro. Da muka juya bayansa, ruwa ne da sukari da sinadarin ƙamshi, babu mangwaro ko kaɗan. Ta tambaye ni, "Yaya, ana iya kai ƙarar masu yin wannan?"

Ana iyawa, kuma irin wannan ƙara ta taɓa zuwa kotu a ƙasar nan. A 2007 wani ɗan kasuwa, Dakta Emmanuel Fijabi Adebo, ya sayi Fanta da Sprite a Legas ya kai Ingila. Hukumomin can suka ƙwace kayan, suka ce sinadarin da ake sawa don kada lemo ya lalace ya wuce ƙa'idarsu. Ya kai kamfanin Nigerian Bottling Company da hukumar NAFDAC kotu. A 2017 Babbar Kotun Jihar Legas ta umarci NAFDAC ta sa kamfanin ya rubuta gargaɗi a jikin kwalaben cewa kada a haɗa su da bitamin C, ta kuma ce hukumar ta biya naira miliyan 2. Kamfanin ya ce lemonsa bai saɓa wa ma'aunin Nijeriya ba, ya ɗaukaka ƙara. Darasin dai shi ne, abin da aka rubuta a jikin kaya da abin da aka ɓoye duk kotu na iya bincikarsu.

Mu na bakin iyaka namu ya fi wuya. Kayan da ke shigowa ta Konni da yawa da Faransanci aka rubuta su, wasu ma babu adireshin wanda ya yi su. Wa za ka kai ƙara?

Don haka kafin ka miƙa kuɗi, duba lambar NAFDAC, ranar ƙarewar wa'adi, sunan kamfani, da jerin abubuwan da aka haɗa. Wanda aka fara rubutawa shi ne ya fi yawa a ciki. Idan an yaudare ka, ajiye kwalin da rasit, ka sanar da iyayenka su kai koke ga NAFDAC ko hukumar kare masu saye ta FCCPC.

A gida da yawa kai ne mai karanta Turanci. Ka karanta wa Inna kafin ta saya. Sai mako mai zuwa.