Hassan Ko Husaini, Wa Ya Fara Zuwa?

In mace ta haifi tagwaye maza, ranar haihuwarsu ɗaya ce, sunansu ma rana guda ake raɗawa. Amma Bahaushe bai bar zancen a dunƙule ba: wanda ya fara faɗowa shi ne Hassan, mai bi masa Husaini. Watau inda rana ta kasa rarrabewa, sai aka ƙara wata alama. Wannan hikima ce wasu masu aiki da kwamfuta suke mantawa, har bayin Allah su cutu.

Kwanakin baya wani ɗan'uwana, akawun wata ƙungiyar adashin gata, ya zo mini hankali a tashe. Ya buga jerin masu karɓar rabon ƙarshen shekara, mutum hamsin a kowane shafi, bisa lokacin da aka shigar da sunayensu. Sai ga sunan mutum guda a shafi na biyu, ga shi kuma a na uku, alhali sunan wata dattijuwa ya ɓace ƙurmus. Har an fara gunaguni, wai akawu ya ci amana.

To, ruwa ba ya tsami banza. Da muka leƙa rumbun bayanan, sunan dattijuwar yana nan daram. Abin da ya faru shi ne, ran da aka kwashe sunaye daga littafi zuwa na'ura, a tashi ɗaya aka zuba su, sabo da haka duk suka ɗauki lokaci guda, har daƙiƙa.

Asalin maganar daɗaɗɗe ne. A 1970 wani masani Baturen Ingila, Edgar Codd, mai aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya shimfiɗa tsarin da galibin rumbunan bayanai suke bi har yau. A tsarinsa layukan bayani ba su da gaba ko baya, tamkar gyaɗa ce a cikin buhu. Mai son jeri sai ya nema da umarnin ORDER BY na harshen SQL, ya faɗi abin da za a jera da shi. In ya ce lokaci, na'ura za ta jera bisa lokaci, amma layukan da lokacinsu ya zo daidai ba ta ɗaukar musu alkawarin kome. Kowane shafi kuwa tambaya ce sabuwa, kuma a kowace tambaya na'ura tana zaɓen hanyar da ta fi mata sauri. Don haka wanda ya zo na ɗari yanzu yana iya zama na ɗari da ɗaya an jima. Nan ne wani yake fita sau biyu, wata kuma ta faɗa tsakanin shafi da shafi.

Wani zai ce, ai sai a ƙara wa agogo kaifi. Gaskiya ne rumbun MySQL, kafin samfurinsa na 5.6.4, ba ya ajiye abin da bai kai daƙiƙa ba. Amma PostgreSQL yana ƙirga har kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, duk da haka bai tsira ba. Dalili kuwa, in aka tambaye shi lokacin yanzu ta hanyar da aka saba, lokacin fara aikin yake bayarwa, ko da layi dubu aka zuba a cikinsa. Kaifin agogo yana rage haɗuwa ne kawai, ba ya kashe ta.

Wanda ya gamu da irin wannan, kada ya yi gaggawar tuhumar mutum ko na'ura. Da fari ya ƙirga layuka nawa ne suke tarayya a lokaci guda. Sa'an nan ya dubi umarnin jerin. In lokaci kaɗai aka ambata, to, an kama ɓarawo. Magani kuwa kalma guda ce: bayan lokaci a ƙara lambar shaidar layi, wadda ba layi biyu da suke tarayya a cikinta. Da muka yi haka, sunan dattijuwar ya dawo mazauninsa, aka buga sau uku bai motsa ba.

Sai dai akwai gargaɗi. Lambar nan tana tsayar da jeri, amma ba shaida ba ce kan abin da ya riga faruwa a zahiri, domin tana nuna wanda na'ura ta fara bai wa lamba ne kurum. Inda gaba da baya suke da hukunci, kamar ajiya da cirar kuɗi a asusu guda, wajibi ne a rubuta lambar jerin kowace hulɗa tun sa'ar da aka yi ta. Ungozoma ma a ɗakin haihuwa take lura da wanda ya fara zuwa, ba ta bari sai ranar suna.

Kuskuren kalma guda ya kusa zubar da mutuncin akawu, ya hana tsohuwa haƙƙinta. Allah ya kiyashe mu. Sai mako mai zuwa, in muna da rai.