Kafin ka yi mafarkin keke mai tsada, fara neman hanya

Idan kana leƙa shafukan wasanni a Instagram ko YouTube, da wuya a ce ba ka ci karo da su ba: mahaya keke sun yi butu-butu da ƙura, suna hawa tudu suna gangarawa kwari, gonaki a dama, kurmi a hagu, babu kwalta ko ta shaida. Hawan keke ne a hanyar burji da tsakuwa, wasan da ya bunƙasa a Amurka da Turai cikin shekaru ashirin da suka wuce, har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya masa gasar duniya ta farko a 2022 a yankin Veneto na Italiya. Mafi yawanmu in mun kalla, keken muke kallo, mu tambayi kuɗinsa, mu ji dubban daloli, mu ce wannan wasan 'ya'yan masu hali ne, mu wuce. To, a ganin wannan fili, mun kalli abin da bai kamata ba. Abin da ya raya wasan nan hanya ce, kuma hanya aikin mutane ce.

Ɗauki Emporia, wani ƙaramin gari a jihar Kansas ta Amurka, wanda mutanensa ba su kai 30,000 ba. Kewaye yake da tuddai masu ciyawa da ake kira Flint Hills, ƙasar kiwon shanu, hanyoyinta cike da duwatsu masu kaifi da ke yanka taya kamar reza. A 2006 mutum 34 suka taru suka yi tseren mil 200, kusan kilomita 320, a waɗannan hanyoyi na makiyaya. Yau tseren, mai suna Unbound Gravel, dubban mutane ke zuwa masa daga ƙasashe daban-daban, har sai an yi ƙuri'a kafin mutum ya samu gurbi. Ba a gina musu filin wasa ba. Hanyoyin da manoma ke bi tun tale-tale ne wasu suka zauna suka haɗa wannan da waccan, suka san inda ake samun ruwa, suka shawo kan mutanen gari. Kuma ba wasan yara ba ne: tsakanin zango da zango kai ne makanikin kanka, kai ne mai facinka. A 2023 laka ta kama mahaya da yawa tun farkon tafiya, suka sauka suna tura kekuna, wasu suka saɓa a kafaɗa.

Labarin Italiya ya fi jan hankali. A yankin Tuskani, ƙasar tuddai da gonakin inabi da zaitun da ƙananan dazuzzuka, akwai tsofaffin hanyoyin farar tsakuwa da kwalta ke ta cinyewa ɗaya bayan ɗaya. A 1997 wani mutum mai suna Giancarlo Brocci ya fara wani hawan keke a ƙauyen Gaiole, ya sa masa suna L'Eroica, da mahaya 92, kuma ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne a bar waɗannan hanyoyi yadda suke. Ka san wani abin dariya? Ƙa'idar taron ita ce ka zo da keke irin na da, na ƙarfe, samfurin 1987 ko kafin nan. Wato keken zamani mai tsada ma ba a maraba da shi. Daga wannan taro ne aka samu tseren ƙwararru na Strade Bianche a 2007, wanda ake ƙarewa a tsakiyar birnin Siena. Yanzu akwai hanya mai tsawon kilomita 209 da aka kafa wa alamomi na dindindin, kowa na iya bi a kowane lokaci na shekara, masu masauki da masu abinci na ƙauyukan suna cin kasuwa.

Nan ne fa ya kamata mu yi hattara. Za ka ji wani ya ce, ai mu Allah Ya ba mu burji kyauta, abin da Bature ke biyan kuɗin jirgi ya je ya gani, a ƙofar gidanmu yake. Maganar tana da daɗi a baki, amma rabinta ce gaskiya. Mutumin Tuskani ya zaɓi ya bar tsakuwarsa ne bayan yana da kwalta da za ta kai shi asibiti cikin mintuna. Matar da naƙuda ta kama a ƙauyen da rafi ke yanke wa hanya duk damina ba ta zaɓi komai ba. Manomin da tumatirinsa ke ruɓewa saboda mota ta ƙi shiga bai ga wani kyau a jar ƙasa ba. Duk matashin da zai hau keke ya ratsa ƙauyukan nan yana ɗaukar hoto, ya riƙe wannan a ransa. Kada mu ari waƙar Turawa ta son burji mu rera wa mutanen da suka shekara talatin suna roƙon titi.

Sai kuma daji. A can, hanya ta ratsa kurmi abin talla ne, inuwa ce da iska mai sanyi. A nan, ka ambaci Kamuku ko Rugu ko Sambisa ka ga yadda fuskar mai sauraro za ta canza. Ba za mu ce wa kowa ya shiga dajin da jami'an tsaro ma ke shiga da shiri ba, kuma duk wanda ya ce maka jarumta ce, ba masoyinka ba ne.

Duk da haka ba mu ce a naɗe hannu ba. Dubi Kenya. Tun 2021 ake yin Migration Gravel Race a yankin Masai Mara, kwana huɗu, kusan kilomita 650, aka kawo manyan mahayan duniya suka kara da 'yan Afirka a ƙasarsu, maimakon kullum ɗan Afirka ya yi ta faman neman biza. Ƙungiyar Amani, mai mahaya daga Kenya da Uganda da Ruwanda, ta fitar da matasa zuwa manyan gasa. Jagoransu Sule Kangangi ya rasu a hatsarin tsere a jihar Vermont ta Amurka a watan Agustan 2022, abin da ke tuna mana cewa gangara a kan tsakuwa ba ta san gwani ba. Hular kwano ba ado ba ce.

Abin da za ka iya yi bai kai haka wahala ba. Keken da ake bukata shi ne mai taya mai faɗi, kamar milimita 40 zuwa sama, da birki mai kamawa, da giya idan akwai tudu. Tsohon keken hawan dutse na gwanjo ya wadatar. Rage wa tayar iska kaɗan, za ta fi riƙe ƙasa, jikinka ma ya huta da jijjiga. Ku haɗu ku biyar ko shida, maza da mata in hali ya yi, ku zaɓi zagaye na kilomita 20 ko 30 a bayan gari, inda ake zaune lafiya kuma mutane ke kai-kawo: gefen dutsen Kufena a Zariya, ko ƙauyukan da ke kewaye da Kano, ko duk inda kuka sani kamar tafin hannunku. Kafin ku fara, ku je ku gai da mai unguwa ko dagaci, ku faɗa masa ko ku su wane ne da ranar da za ku riƙa wucewa. A wannan zamani, baƙin fuskoki shida a kan kekuna da sassafe na iya tayar da hankalin ƙauye guda, kuma ba laifinsu ba ne.

Daga nan sai ainihin aikin, wanda 'yan Emporia suka yi: rubuta hanyar. Kunna Strava ko Komoot a waya ta zana muku inda kuka bi. Ku rubuta inda famfon burtsatse yake, inda mai faci ke zama, ranar da kasuwar ƙauye ke ci, wurin da yashi ke cin taya, wurin da sabis ke ɗaukewa, rafin da ba ya ƙetaruwa a watan Agusta. Yawancin waɗannan hanyoyi ko a taswirar intanet babu su, kuma OpenStreetMap na ba kowa damar ƙara su kyauta. Taswirar da kuka zana don nishaɗi, gobe ita ce mai kai allurar rigakafi zai duba, ita ce kuma hujjar da za ku aje gaban kansila ku ce ga kwalbatin da ya karye, ga hotonsa, ga ranar.

Ku sayi ƙosai da kunu a hannun mutanen hanya maimakon ku cika jaka daga gari. Kada ku taka shukar kowa, garke in ya tare hanya ku sauka ku jira. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa ta tsane, tudu bai gama bushewa ba, ƙurar hunturu ba ta sauko ba. Ku fita bayan sallar asuba, ku dawo kafin rana ta take, kuma a gida a san hanyar da kuka bi da lokacin da za a sa ran ganinku.